Wutar Kaminar Baba Gado

"Sauko daga kan jakin nan, Baba Gado! Sauko na ce!"

Hadizatu ta dire kwanon kunu a kan katanga ta sheƙo, mayafinta na jan ƙasa. Tsohon ya riga ya ɗora ƙafa ɗaya a bayan jaki, ɗayar ta ƙi tashi. Haka ta same shi a maƙale, yana haki, ya rungume doguwar sandarsa ta ƙarfe da yake tone wuta da ita.

"Bakin bahar kawai za ni," ya ce, yana nuna wajen kogi. "Yau za su sa wuta."

"Su sa mana! Sai kana tsaye wuta ke ci? Likitan Madani cewa ya yi ka kwanta, bai ce ka hau jaki ba."

Ta tallabo shi ta mai da shi kan angarib, gadon igiyar da ke ƙarƙashin rumfarsa. Ba shi da nauyin kirki, amma taurin kai kam a cike yake. Tun da matarsa ta rasu, ɗiyarsa kuma aure ya kai ta Damazin, Hadizatu ce ke miƙo masa abinci ta kan katanga. Ba ta taɓa ganin maƙwabci mai gajiyar da mutum irinsa ba. An ce ya zauna asibiti, ya ce sai an ƙona kamina. An ce ya sha magani, ya ce yana sa shi barci, shi kuwa ba mai barci ba ne kamina na tsaye.

Kamina, kamina! Tulin ɗanyen tubali ne fa kawai, da aka jera a gaɓar kogi aka yaɓe da laka, aka bar ramuka a ƙasa don cusa itace. In aka kunna, ba a barin wutar ta huce har tubalin ya gasu ya yi ja. Amma ji yadda tsohon nan ke zancenta sai ka ce masallaci ya gina.

Hadizatu ba ta ƙaunar kaminar nan ko kaɗan. Ɗanta Nuraddin ya yi jami'a a Madani, ya dawo da shahada, wato takardar kammala karatu, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya tsinke, ana ce masa ya dawo gobe. Yau ga shi yana cuɗa laka da kashin shanu da ƙafa. Abin na ci mata rai. Sai dai akwai abin da ya fi wannan ci mata rai, wato lorin Salih, wanda duk ranar kasuwa yake kwasar samari zuwa arewa haƙar dahab, zinariya ke nan. Shi ya tafi da babban ɗanta Hashim. Rami ya rufta da shi a can, ko gawarsa ba a kawo mata ba.

Samarin da suka rage a ƙauyen, Baba Gado ne ya tashe su daga gindin darbejiya inda suke karta, ya ba su filinsa na gaɓa, ya koya musu bugun tubali. Nuraddin kuwa ya faɗa wa uwarsa ba ɓoye-ɓoye: "Inna, in kaminar nan ta fito, na zauna. In ta lalace, kalas, shi ke nan, ni da lorin Salih ne." Kuma ita ce ta ƙarshe a bana, don kogi ya fara tasowa, ba da jimawa ba zai cinye gaɓar.

"Uwar Nuru," in ji tsohon, bayan ya kurɓi kunu sau biyu ya ture. "In na tafi wuta na ci, kada ki faɗa musu."

"Innalillahi! Mi kake faɗi haka?"

"In suka ji, dut za su watso. Wuta ta huce, tubali ya zama ba ɗanye ba, ba gasasshe ba. Wa zai saya?"

"To ni in yi yaya da kai? In rufe ka da tabarma in ce kana barci? Wallahi Baba Gado, ka ishe ni. Mutum ko mutuwa zai yi sai ya ɗora wa maƙwabta aiki!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To ki yi dabara," ya ce.

Washegari da hantsi ta leƙo da shayi. Yana kwance ya juya fuska wajen kogi, inda hayaƙi ke tashi baƙi ƙirin. Ta kira shi, shiru. Ta taɓa ƙafarsa, ta ji ta yi sanyi.

Ta ajiye shayin a hankali. Ta shafa idonsa ta rufe, ta ja mayafi ta lulluɓe shi, ta yi salati. Sannan ta zauna a bakin gadon, hawaye na zuba, takaici na cin ta.

"Ka kyauta," ta ce. "Kwana ɗaya rak ya rage, ka kasa jira. Duk taurin kan nan naka, ina ya tafi yau?"

Ba ta ɓoye ba, wa zai ɓoye gawa? Kafin azahar gida ya cika. Liman Abdussalami ya ce a kai shi kafin la'asar, zafi ya yi yawa. Sai aka tsaya kallon-kallo. Waɗanda ke tsakar gidan duk tsofaffi ne, wani da sanda, wani da ciwon baya. Ƙasar maƙabarta kuwa tauri gare ta kamar dutse. Masu ƙarfin haƙa sun tafi haƙar dahab, ragowar suna bakin kamina.

Ba a aika ba ma sai ga su, baƙi wuluk da hayaƙi, Nuraddin a gaba. Ya durƙusa gaban gadon ya daɗe. Da ya miƙe sai ya ce a ba su diga da shebur.

Hadizatu ta ja shi gefe. "Wutar fa?"

"Inna, mai wutar ma ya mutu."

"Tambayarka na yi. Wa kuka bari?"

"Ba kowa. Mu bar Baba Gado kwance don tubali? Ta mutu in ta ga dama." Ya goge ido da bayan hannu. "Dama yau kasuwa, Salih na nan har yamma."

Hadizatu ta dube shi, ta dubi hayaƙin da ya fara sirancewa. Sai ta juya fuu, ta shige cikin gida, inda mata suka baje tabarmi suna koke-koke.

"Ku tashi," ta ce. "Kukan ya isa haka. Bakin bahar za mu."

Rukayya matar liman ta saki baki. "Hadizatu, kanki ɗaya? Mata a kamina, ranar mutuwa? Mi mutane za su ce?"

"Su ce! Maƙabarta an ce ba mu zuwa, mun ji. Kamina ma hana mu aka yi? Ke da kike toya kisra a kasko tun kina yarinya, wuta ce ba ki sani ba? Ɗanki Jibo na cikinsu. In kin fi son ki raka shi bakin lori, zauna ki ci gaba da kuka."

Rukayya ta jawo takalminta. Huseina ta miƙe, wata ma ta miƙe. Hadizatu ta fizgi sandar ƙarfen da ke jingine a rumfa, wadda tsohon bai taɓa bari wani ya riƙe ba, ta wuce gaba.

Zafin kaminar ya mare su tun daga nesa. Ramukan sun fara yin toka. Suka ɗaure mayafai a ƙugu, wasu na jawo itacen bagaruwa, wasu na cusawa. Ƙaya ta tsaga wa Hadizatu hannu, hayaƙi ya cika mata ido, gashin girarta ya babbake. Tana tone wuta tana faɗa.

"Ka gani ko, Baba Gado? Ka ga abin da ka ja mini? Da girmana, da furfurata!"

Samari biyu suka gangaro suka ɗebi ɗanyen tubali daga wanda ya rage a shanya, don shi ake jerawa a kabari, ba a sa wanda wuta ta taɓa. Suka tsaya sororo suna kallon iyayensu mata.

"Mi kuke kallo?" ta daka musu tsawa. "Ku zaɓa masa masu kyau, ku wuce!"

Wajen la'asar aka fito da shi. Daga gaɓa suna hango angarib ɗin a kafaɗun samari, yana tafe a kan tudu, tsofaffi na biye a hankali. Matan suka tsaya cik. Hadizatu ma ta tsaya, har ayarin ya shige bayan itatuwa. Ta ce, "Allah ya jiƙanka, mai taurin kai." Sannan ta sunkuya ta ƙara itace.

Rana ta yi sanyi lokacin da samarin suka dawo, jar ƙasar kabari har gwiwa. Hayaƙi na tashi a miƙe, ramuka sun yi jajir. Nuraddin ya zaga kaminar, yana sunkuyawa yana leƙa kowane rami. Ya zo na uwarsa ya daɗe yana kallo.

"Inna, kin cika masa itace. Shaƙe shi za ki yi."

"To karɓi abinka, malam mai shahada. Ni dama an ce maka sana'ata ce?"

Ta miƙa masa sandar. Can cikin gari lorin Salih ya danna oda, dogo, ya sake dannawa. Hadizatu ta ƙi kallon ɗanta, ta tsura wa tafin hannunta da ya yi bororo ido. Ta ji ƙarar ƙarfe a bakin rami. Da ta ɗago, Nuraddin ya durƙusa ya ba gari baya, yana jawo itacen da ya yi yawa ɗaya bayan ɗaya.

Jakin Baba Gado, da ba wanda ya tuna ya ɗaure shi, ya gangaro shi kaɗai. Ya tsaya a inuwar da ya saba tsayawa, yana kaɗa kunne.