Uban Haya

Ni Larai mai daddawa ta Mairuwa, ni na yaye Lawwali kuma ni na raine shi, saboda haka in ana maganarshi ni ke da baki. Ɗan wana ne, Malam Sha'ibu na Ketare, kuma ɗan fari. Tun ranar suna Malam bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In Lawwali ya shiga zaure ya durƙusa gaisuwa, sai Malam ya juya ya amsa wa bango. In dole ta sa zai ambace shi, sai ya ce "yaron wajen Larai." Uwar tashi Safara'u ma ta fi, ita da ta ji sallamarshi sai ta shige ɗaki. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani, alkunya ce irin wadda muka taras.

Yaro ya tashi da kai, Allah Ya ba shi. Ya gama firamare, ya gama sakandare, aka ɗauke shi jami'a a Zariya karatun likita. Lokacin kuwa kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, ma'aikata sun cika hanya da sababbin babura. Gwamnati ta ɗauki nauyinshi kaf, abin da suke kira sukolashif. Ci da sha da ɗaki da littattafai, har wanki yi masu ake, ga kuɗin aljihu. Wai ranar Lahadi kaza ake ba su. Kaza fa, ba suna ba salla! Dagaci da kanshi ya kawo takarda har zaure, Malam ya dangwala yatsa a matsayin uba. Mu duk mun ɗauka abin irin rawanin sarauta ne, in an naɗa an naɗa ke nan. Ba wanda ya gaya mana da sharaɗi a ciki.

Kafin ya gama shekarar farko duk Ketare sun daina cewa Lawwali, sai Likita. In ya zo hutu mata su yi ta kawo mashi yara masu zazzaɓi, shi kuwa ko allura bai iya ba tukuna. Ni ma ba a bar ni a baya ba. Duk bikin da na je Damari wajen dangin mijina sai na cika masu kunne da ɗana likita.

Ran nan da hantsi ina tsakar gida ina wanke kalwa, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai, ga Lawwali, alhali ba lokacin zuwanshi ba ne. Wandon nan mai faɗin baki yana sharar ƙasa, takalmi mai tudu, suma tuli guda. Ya kifa turmi ya zauna. Na dama mashi fura, ya riƙe ƙwaryar yana kallonta.

Na ce, "Kai, wa ya mutu?"

Ya ce, "Gwaggo, ba wanda ya mutu. Na faɗi jarrabawa."

Na ce, "To sai me? Ka tashi ka sake mana."

Nan ya warware mani abin da ya ɓoye. Ashe sukolashif ɗin nan ana ba ka ne muddin kana cin jarrabawa kana wucewa aji na gaba. Kowane fanni sai ka samu arba'in cikin ɗari. Bara ya faɗi, aka yi mashi gargaɗi, ya gyara da ƙyar, bai gaya wa kowa ba. Bana ya sake faɗuwa. Wanda ya faɗi bayan gargaɗi kuwa yanke mashi ake, ba ci ba ɗaki ba littafi. Kuma ko an sayar da shanun Malam duka ba za su riƙe shi a karatun likita ba.

Na ce, "Ciwo ka yi?"

Ya ce, "A'a."

"Asiri aka yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Sinima ce, Gwaggo. Da yawon Kaduna a babur ɗin abokina. Na ga kuɗi na zuwa ko na yi karatu ko ban yi ba, sai na saki jiki."

Wallahi da ma ya ce mani asiri ne, da na san inda zan kai kukana. Kunya ta rufe ni har na ji zanena ya yi mani nauyi. Damari kawai nake tunawa, da irin bakin matan can. Na zage shi tas, na zagi wandon, na zagi sumar, ban bar takalmin ba. Da na gaji sai ya ce shi sallama ya zo yi mani, Ikko za shi, an ce ana neman masu sauke siminti a tashar jiragen ruwa.

Na ce, "Iye! Daga likita zuwa dako? To ba a gidana ba. Duk dokar da mutum ya yi tana da ƙofa, faɗa mani ƙofar."

Ya ce akwai guda ɗaya. Kwamitin masu ba da sukolashif zai zauna a Funtuwa. In uban yaro ya zo da ƙafarshi ya tsaya mashi a gabansu, sukan ba shi shekara ɗaya ta gwaji ya maimaita ajin. Na ce in dai wannan ce ni zan je. Ya ce ba su karɓar gwaggo, ba su karɓar kawu, sai uban da ya dangwala yatsa.

Ya ce, "Gwaggo, mutumin da bai taɓa kallon fuskata ba, in sa shi ya tsaya gaban baƙi ana karanta mashi abin kunyata? Gara Ikkon."

Na ce ya zauna ya ci gaba da wanke mani kalwa, tunda hannun bai yi aikin biro ba. Na yafa gyale na nufi bakin hanya.

A Ketare na taras da Malam yana yaɓen rumbu, ana shirin yankan dawa. Muka gaisa. Ban yi kwana-kwana ba, na zayyana mashi komai. A bayan zana Safara'u na daka, ina cikin magana na ji taɓarya ta tsaya.

Malam ya ci gaba da shafa laka. Can ya ce, "Ɗanki ne. Ki je."

Na ce, "Yaya, ni na goya shi, amma ba yatsana ke jikin takarda ba. Kai suke so."

Ya ce, "In zauna ni da shi a ɗaki guda? A gaban mutane?"

Na ce, "In ba ka zauna ba, mako mai zuwa yana Ikko da buhu a ka. Sai ka tsaya a masallaci ka gaya wa mutanen Ketare inda Likitansu ya shiga."

Ya aje lakar hannunshi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa Audi direba ya tsaya mani ranar."

Ranar Malam ya sa farar rigarshi ta Juma'a. Motar Audi ta biyo ta Mairuwa ta ɗauke mu, Malam na gaba, Lawwali ya haye can baya bisa buhuna. Na sa an aske mashi sumar nan, na kuma ba shi wandon mijina. Har muka isa Funtuwa uba da ɗa ba wanda ya nuna ya san da wani a motar.

A wani ɗakin taro kwamitin ya zauna. Ɗalibai cike da baranda, kowa da tsohonshi, kowa kai a ƙasa. Da aka kira su Malam, masinja ya tare ni a ƙofa, wai ban da mata. Na ce ya riƙe ƙofarshi, na zagaya na tsaya jikin taga. A teburin akwai wani dattijo Alhaji mai farin gemu, shi ne shugaba, da wani saurayi mai kwat da ke riƙe da takardu.

Benci ɗaya aka aje masu. Malam ya zauna a wannan ƙarshe ya ba da baya kaɗan, Lawwali ya tsugunna a ƙasa can ɗaya gefen. Mai kwat ya karanta sakamako da ƙarfi, fanni bayan fanni, da ranakun da ba a ga yaro a aji ba. Kowa a baranda yana ji. Ni da ke waje sai da na ja gyale na rufe fuska.

Alhaji ya ce, "Malam, ka fahimci abin da aka karanta?"

Malam ya ce, "Na fahimta, ranka ya daɗe. An ba shi gona da iri da taki, bai yi noma ba."

Alhaji ya ce, "Haka ne. To wane ne wannan yaron a wurinka?"

Malam ya dubi silin. Ya ce, "Yaron wajen ƙanwata ne."

Mai kwat ya aje biro ya ce, "Ba ɗanka ba ne ke nan? To mene ne sunanshi?"

Malam ya kau da kai. Aka sake tambaya, ya ce ai sunan na nan jikin takardarsu.

Mai kwat ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Alhaji, ga wani kuma. Tun da suka shigo nake lura, ko kallon yaron bai yi ba, sunanshi ma bai sani ba. Baba, faɗi gaskiya, a wace tasha ya ɗauko ka? Nawa ya ba ka ka zo ka zama ubanshi?"

Inna lillahi! Malam Sha'ibu, wanda ke jan salla in liman ba ya nan, wanda ake kawo wa rabon gado, shi ake tambaya nawa aka biya shi. Na ji dariya ta tashi a baranda. Ban san lokacin da na zura kai ta taga ba.

Na ce, "Kai ɗan nan, ba ka da iyaye ne? Ɗan fari ne! A garinku ba a kunya?"

Masinja ya taso, Alhaji ya ɗaga mashi hannu. Ya ce, "Hajiya, na san alkunya, ni ma ina da ɗan fari. Amma jiya tsofaffi biyu aka kawo mana daga tasha, uban haya, kuma dukansu da wannan al'adar suka fake. Yaran da ke jin kunyar gaya wa iyayensu ne ke yin haka. Saboda haka muka ce uba ya faɗi sunan ɗanshi da bakinshi, ya ce ya tsaya mashi. In bai faɗa ba, ba mu da abin rubutawa, sai mu rufe maganar."

Lawwali ya miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a rufe. Laifina ne. Kada a sa shi."

Ya nufi ƙofa. Mai kwat ya jawo takardar wani.

"Lawwali."

Da farko ban gane muryar Malam ce ba. Yaro ya tsaya cak. Malam ya juyo gaba ɗaya a kan bencin, ya dube shi ido cikin ido.

Ya ce, "Dawo ka zauna." Sannan ya fuskanci teburin. "Sunanshi Lawwali. Ɗana ne, ni na haife shi, ba wanda ya biya ni. Ya yi wasa da amanar da kuka ba shi, kunyar tawa ce. Na tsaya mashi."

Mai kwat ya sunkuyar da kai yana ta juya takarda, shi ma kunya ta kama shi. Alhaji ya ce an ba da shekara ɗaya ta gwaji. Zai maimaita ajin, za a ci gaba da ciyar da shi, amma ba kuɗin aljihu. In ya sake faɗuwa ko a fanni ɗaya ne, ba kwamiti ba roƙo. Aka kawo tawada Malam ya sake dangwala yatsa.

Muka fito ta tsakiyar mutane, ba wanda ya ɗaga kai a cikinmu. A gindin wata bishiyar bedi Malam ya tsaya yana goge tawadar da ganye. Lawwali na tsaye bai fi taku kaɗan da shi ba, amma ni Malam ya juyo ya yi wa magana.

Ya ce, "Larai, ki gaya wa yaron wajenki na kira sau ɗaya. Kada ya sa in sake."

Ya wuce wajen motar Audi. Na juya in isar da saƙo kamar yadda na saba, sai na ga Lawwali ya durƙushe ya rufe fuska da hula. Na ce ya tashi mana, ai an ba shi shekarar, me kuma ya rage.

Ya ce, "Gwaggo, tun ina ƙarami nake so in ji yadda sunana yake a bakinshi. Na ɗauka sai ranar da na zama likita zan ji."