Sunan Gida a Babi na Huɗu

Kaset goma sha biyu Sittana ta ɗauka don kundin majistir ɗinta, wato digiri na biyu, amma na bakwai ne ya hana ta sakat. Shekara biyu yana ƙasan akwatinta a gidansu na Kalakla, ƙarƙashin tufafin da ta daina sawa. Ba ta kunna shi, ba ta ma buƙatar kunnawa. Ko a hafila take, bas ɗin haya, motar na hawa gadar Umdurman sai ta ji muryar raɗau a kunnenta: "Ustaza, wannan maganar nan za ta tsaya ko?"

Karatun nata na ba ɗaliban makaranta shawara ne, abin da jami'a ke kira irshad. Wato a zaunar da ɗalibin da ya rikice, a saurare shi har ya sauke abin da ke cin ransa. Mahaifinta, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, bai taɓa gane yadda ake ba mutum digiri na biyu a kan sauraro ba. "In haka ne ai ni da na zauna da uwarki shekara talatin na zama dakta," in ji shi.

Dakta Hamid, malamin da ke duba aikinta, ƙa'ida ɗaya yake maimaitawa har ɗalibai na kwaikwayonsa a bayan ido: duk wanda ya buɗe miki cikinsa, ki sauya masa suna kafin alƙalami ya taɓa takarda. Sittana ta haddace wannan tsaf. Wallahi ba gangancin rago ne ya kayar da ita ba, bin ƙa'idar ne.

An tura ta gwaji wata sakandaren maza a Umdurman, a shekarun da ake tare motoci ana kwashe samari. Wanda ya gama makaranta ba ya ganin takardarsa sai ya yi hidimar dole a sansanin soja, daga can kuma a wuce da wasu Kudu, inda ake yaƙi. A ajin ƙarshe akwai wani dogo mai jan fata, Abdullah Idirisu a rajista, wanda a da shi ne na ɗaya, yanzu kuwa sai ya miƙa takardar jarrabawa fara fat. Sau uku tana zaunar da shi, ba ya cewa komai sai "tamam, ustaza". A na huɗu shayi ya zube mata a hannu, Hausa ta suɓuce mata, ta ce, "Wayyo Allah!"

Ya ɗago kai. "Ashe ustaza tamu ce?"

Shi ke nan, Larabci ya kama gabansa. Ya ce a gida ba mai ce masa Abdullah, Jatau ake kiransa. Haka Hausawanmu na nan ƙasar suke: suna ɗaya na makaranta da ofis, ɗaya na tsakar gida, kuma da wuya su haɗu a baki ɗaya. Ya yarda ta kunna rikoda. Ya faɗa mata da gangan yake faɗuwa don kada ya gama. Ya ce yayan abokinsa ya tafi, rigarsa kawai aka dawo da ita. Ya ce in an matsa, zai shige garejin ƙanin kakarsa, Kawu Dauda, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya kwana a bayan tulin tayoyi har abin ya lafa. Sannan ya yi tambayar nan, ita kuma ta ba shi amsa.

Da ta zauna rubuta babi na huɗu, sai ta nemi sunan da za ta rufe shi da shi. Ta ce a ranta, rajista Abdullah ta sani, Dakta Hamid ma da Abdullah ya san shi, wa ya san Jatau a jami'a? Har daɗi ta ji da wannan dabara. Ta rubuta Jatau, ta rubuta gareji, ta rubuta tayoyi.

A lokacin ba a barin mai bincike ya ci gaba da shiga makarantu sai ya kai abin da ya rubuta wani ofishi an buga masa hatimi. Ma'aikacin da ya karɓi nata, wani mai zabiba, wato tabon sallah, a goshi, ya yi ta juya shafuka da Larabcinsa mai kyau. Sai ya tsaya a wani layi, ya yi murmushi, ya ce mata da Hausa, a hankali, "Jatau? Na gidan Gogo mai gyaɗa?"

Sittana ta kau da kai. Ta ce a'a, suna ne kawai. Ya buga hatimin.

Kwana tara aka yi, aka ɗauke Jatau daga garejin da rana tsaka.

Gogo ita ce kakar da ta raine shi, kuma a ƙofar makarantar take kasa gyaɗarta. A makon da abin ya faru ta riƙo hannun Sittana, idonta jawur. "Ustaza, da sunan gida suka neme shi. Jatau suka ce. Takardar hukuma ta san Jatau? Daga gidan Dauda maganar ta fita, ko shi ko matarsa. Ciki ɗaya muka fito, amma ni da shi sai a gaban Allah."

Sittana ta buɗe baki. Ta tuna in maganar ta kai jami'a, babi na huɗu ya tashi, wataƙila da kundin gaba ɗaya, shekara uku na gumi. Ta ce a ranta, bari in kare kundin tukuna, ranar da na kare zan zo in faɗa. Ta sayi gyaɗa ƙulli biyu, ta nemi a sauya mata makaranta.

To, jami'a ta yi ta rufewa tana buɗewa, wata shidan da take zaton ya rage mata ya zama shekara biyu. Wasiƙar Jatau ɗaya aka ce ta zo daga Kudu, daga nan shiru. Sittana ta rame. In ɗalibi ya zauna gabanta ya fara magana, sai ta ga kamar akwai wani dogo tsaye a bayan kujerarsa yana jira a gama. Tsoro take ji, da kunya, kuma kunyar ta fi yawa.

Ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga waje ya ɗaga babi na huɗu, ya ce wannan shi ne riƙon amana, a riƙa nuna wa masu tasowa. Aka tafa. Mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa. Ita kuwa bakinta ɗaci kamar ta tauna maɗaci.

Washegari da la'asar ta ɗauki kaset na bakwai da rikoda, ta haye gada.

Ta tarar da Gogo zaune a kan angareb, gadon igiya, a tsakar gida, ta ƙanƙance, tana tsince gyaɗa a faifai. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Sittana ta ce ta zo mata da muryar Jatau. Tsohuwar ta ture faifan gefe.

Muryar ta cika gidan, da ƙarar fankar ofis a bayanta. Gogo ba ta yi kuka ba. Leɓenta kawai ke motsi, tana bin maganarsa. Da ya yi dariya a wani wuri ita ma ta murmusa, ta ce, "Ja'iri." Sai aka zo wurin.

"Ustaza, wannan maganar nan za ta tsaya ko?"

"Nan za ta tsaya, Jatau. Ko bango ba zai ji ba."

Sittana ta danna ta kashe. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a ƙasa. Ta faɗi komai, babi na huɗu, mai zabiba, hatimi, kwana tara. Ta ce, "Gogo, ba Kawu Dauda ba ne. Ni ce. Na rubuta sunan don na ɗauka ba wanda ya san shi."

"Ba wanda ya san shi?" Gogo ta dube ta kamar ba ta ji Hausar ba. "'Yar nan, ni na laƙaba masa shi yana cikin tsumma. Unguwar nan kaf da shi suka san shi."

"Ki yafe mini. Ki bar ni in je in faɗa wa Kawu Dauda da bakina."

Kaza ta zo ta sa baki a faifan, Gogo ba ta kore ta ba.

"Yaushe kika sani?"

"Tun ranar da kika riƙe hannuna."

"Sallah huɗu Dauda ya zo ƙofar nan yana sallama, ina jinsa, ban amsa ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Yau kwanansa goma sha ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Ya aiko 'yarsa Rahmatu sau biyu, wai in zo ya gan ni. Na ce ta gaya masa in ya dawo mini da Jatau zan zo."

Sittana ta ƙirga kwanakin. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce tana wurin mai ɗaure littattafai, tana zaɓar launin bango.

Gogo ta miƙa hannu ta zare kaset ɗin da kanta, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta jawo farin tob, dogon mayafinta, daga igiya ta yafa.

"Tashi," in ji ta. "Suna zaman makoki har yanzu. Abin da kika faɗa mini, za ki faɗa a gaban 'ya'yansa, da Hausa, da ƙarfi, don matarsa ba ta ji sosai."

Ta yi gaba ba ta waiwayo ba. Sittana ta laluba takalmanta, ta bi ta.