Fim ɗin 'Yan Sha Biyar

Malama Raihana ce ta kawo fim ɗin daga wani taron malamai a Daura. Ba wasan kwaikwayo ba ne, ɗalibai ne na gaske suke ba da labarin yadda 'yan'uwansu ke cin zalinsu a makaranta. Ta ce makarantarsu ta Baure ta fi kowa buƙatarsa, domin a nan ƙaramin yaro ba ya cinye awararsa sai ya ɓuya.

Malam Jafaru, mataimakin shugaban makaranta, bai ƙi ba, sai da ya ga lamba sha biyar cikin jan da'ira a farkon fim ɗin.

"Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, wai kada wanda bai kai shekara sha biyar ba ya kalla. Akwai ashar a ciki."

"To doka ce, a bi ta."

"Ai yaranmu suna jin wanda ya fi shi kullum a filin makaranta."

"Suna ji, Malama, amma ba mu muka kunna musu ba."

Ranar kallo ya tsaya a ƙofar ɗakin taro yana tambayar shekaru. Wani ya ce sha uku a makaranta, sha bakwai a gida. Wata ta ce an haife ta shekarar da gero ya yi kyau. Da aka zo kan Munzali, ƙaton da ke ƙwace wa yara abinci, sai ya ce, "Malam, na jarrabawa ko na ƙwallo?"

Malam Jafaru ya gaji. Ya ɗauki alli ya ja layi a jikin ƙofa daidai kafaɗarsa, ya ce wanda kansa ya wuce layi ya shiga.

Kalilu, wani gajere ɗan aji biyar da har gemu ya fara fito masa, ya yi ta ɗage bai kai ba.

"Malam, wallahi na girmi Munzali. Yayarsa ce sa'ata."

"Layi bai san yayarsa ba. Matsa."

Da aka gama tantancewa, Malama Raihana ta leƙa ɗakin ta riƙe baki. "Ranka ya daɗe, ka tara min masu dukan, ka kori waɗanda ake duka!"

"Ai su ne masu buƙatar wa'azi."

"Idan kuma sababbin dabaru suka koya fa?"

Malam Jafaru ya rufe ƙofa.

A waje kuwa, ƙanana suka tarar filin ya zama nasu. Kalilu ya zauna a tsakar rana ya ci awararsa da yaji, har yana lashe yatsa. 'Yan aji ɗaya suka taɓa ƙwallo da ƙafarsu, su da aikinsu ɗauko ta in ta faɗa gonar maƙwabta. Mai awara ta ce ba ta taɓa sanin yaran nan suna da haƙora ba.

Washegari ƙananan suka je ofis, Murja 'yar aji biyu a gaba.

"Malam, muna roƙo a riƙa nuna fim ɗin nan kullum lokacin hutun tara."

Malam Jafaru ya washe baki. "Madalla! Amma ai ba ku kai kallo ba."

"Ba mu za mu kalla ba, Malam. Su dai a riƙa rufe su."

Ya yi dariya, ya duba ya ga babu mai taya shi. Ya ce su zauna su faɗa masa abin da ake yi musu. Har aka kira azahar ba su gama ba.

Mako na zagayowa aka nuna fim ɗin ga kowa, har da iyaye. Malam Jafaru ya riƙe rimot don ya rage murya a wurin ashar, amma kullum sai ya makara, a ji ashar ɗin tas, a rasa nasihar da ta biyo baya. Da wani yaro a fim ɗin ya ce ya bar karatu saboda mai ƙwace masa abinci, ƙananan kawuna suka juya gaba ɗaya wajen Munzali. Mahaifinsa, Alhaji Harisu dillalin shanu, ya bi su da kallo har idonsa ya sauka kan ɗansa.

"Kai, me ya sa suke kallonka?"

"Baba, farin jini ne."

Alhaji ya miƙe ya kama kunnensa, ya ce wa Malama Raihana ta ci gaba, su za su ƙarasa nasu a gida.