Asabar Zan Canza Matata

"To fito mana ka faɗa mini ko wace ce," in ji matar ɗan wana. Tana tsaye a ƙofar gareji, jakar kaya a hannu, mayafi ya zame bai dame ta ba.

"Wace ce wa?" Daga ƙarƙashin mota muryarsa ta fito. Ƙafafunsa kawai muke gani, silifas ɗaya ya cire.

"Sabuwar. Wadda ka ce ta iso."

"Tana ciki ai, na riga na saka ta. Don Allah ku matsa daga haske."

Ni ina kan kujerar roba a gefen bango, da ƙwaryar wake ina tsincewa. Waken nan tun safe ya tsintu, amma daga nan ake ganin komai. A waje yayar matar tana cikin motar haya, sai danna ham ake yi, a bari, a sake.

Bari in koma baya kaɗan. Ni gwaggonsa ce, ni na raine shi, yanzu kuma ni ke zaune a ɗakin da ke jikin gareji. Aikinsa fassara labarai a gidan rediyo, shi ya sa ake ce masa Kamus. Mutum ne da ba ya yarda kalmar aro ta shiga bakinsa in yana da ta gida. Kowa ya ce firiji, shi sai ya ce na'urar sanyaya abinci. Matarsa nas ce a asibiti, Asabar kaɗai take samun hutu, mu duka Nas muke kiranta.

Bara ya sayo wata jar mota ta hannu, irin ta tsere, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar an taka ta. Ranar da ya kawo ta ya ce wa Nas duk Asabar zai riƙa fita da ita shan iska. Sau ɗaya suka fita. Tun daga nan duk Asabar yana ƙarƙashinta, yau taya, gobe birki. Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani wai kulocinta biyu ne, ɗaya na riƙe da giyar da motar ke kai, ɗayan ya riga ya kama ta gaba yana jira. Na ce to Allah ya ba su zaman lafiya.

Ranar Laraba ina kwance na ji shi a gareji yana waya da abokinsa. Bangon ba kauri, ni kuma gadona a jikinsa yake, ba ni na ce a ajiye shi nan ba. Da kunnena na ji ya ce, "Asabar zan canza matata. Ta gaji. Da safe in na ce mu tafi sai an yi ta gardama." Ya saurari abokin, sai ya ce, "A'a, irinsu ba a wankewa a mayar. Fitar da ita zan yi. Sabuwar ma ta iso." Har da dariya.

Kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya, amma na dama ne a jikin bango. Ban gaya wa kowa ba sai maƙwabciyarmu mai ɗinki, ita ma don ta taya ni addu'a. Yadda maganar ta tsallaka titi, ta hau mota, ta je gidan yayar Nas, wannan sai a tambayi mai ɗinki. Ni dai na ga Nas kwana biyu tana ninke kaya tana warwarewa. Shi kuwa bai ma lura ba. Yana ta shigo da galan-galan na man giya yana jerawa, yana kallon bidiyo a waya har a kan abinci.

Da sassafe yau Asabar ya ɗaga motar a kan jak, ya yi ta ɗora wani ma'auni don ta tsaya daidai. Ya kwance murfin ƙasa, ya tara baho, baƙin mai ya tsiyaye mai warin ƙonannen gashi. Bahon wankina ne, bai tambaye ni ba. Ya jera kusoshi a kan kwali, kowanne da raminsa, ya ce wanda ya taɓa ɗaya ya shiga uku. Na ɗan taɓa ɗaya da yatsan ƙafa don in ga abin da zai faru. Ana cikin haka Nas ta fito da jaka.

"Ka saka ta ina?" in ji Nas. "A gidan nan?"

"A akwatin giya mana. Ina kuma za a saka ta? Miƙo mini tiyon nan na kusa da ƙafarki."

Ta shure tiyon ya yi can. "Ni za ka mayar mahaukaciya? Duk unguwa ta ji. Ka ce na gaji, ka ce ina gardama da safe, ka ce irina ba a wankewa. Ni da nake tsayuwa a kan marasa lafiya tun safe har ƙafata ta kumbura."

Ƙafafun suka daina motsi. Can sai hannu ya leƙo, baƙi ƙirin, ya turo wani abu mai faɗi kamar faranti, yana ɗigar mai. Ya tsaya a gaban takalminta.

"Ga ta nan," in ji shi. "Ita na fitar. Matata. Abin da ke tace man giya."

Nas ta dubi abin, ta dube ni. Na sunkuya ina neman tsakuwa a wake.

"Filta?" ta ce.

"Haka masu gareji ke cewa."

"Haka duk duniya ke cewa, Malam."

"To ai ba laifina ba ne in duniya ta yar da kalmarta. Kuma ba su ma yi kama ba. Ta mota gaɓar farko gajeriya ce, murya a sama. Ta aure doguwa ce, murya a ƙasa. Duk mai kunne zai bambance. Wa ya kai maganar?"

"Bango ne ya cinye gaɓar," na ce. "Ni abin da ya iso gare ni shi na ji."

Wallahi na ga dariya ta taso wa Nas. Ta cije leɓe, kafaɗarta ta girgiza, ta ajiye jakar a ƙasa. Ham ya sake tashi a waje, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ki ɗan jira." Na ce a raina shi ke nan, an gama, sai dai in nemi abin da zan gaya wa mai ɗinki.

Amma shi Kamus tuni ya mirgino ya ɗauko tiyon da kansa, ya leƙa ya tayar da inji, ya koma ƙasa. Garejin ya cika da ruri, kwanukan kan shiryayye suna kaɗawa. Dama ya gaya mini wannan ne wuri mai wuya. Sai inji na aiki ake ƙarasa ɗura man da ɗan famfo, kuma sai man ya yi ɗumi daidai, kada ya yi sanyi kada ya yi zafi. Da ya fara tsiyayowa daga ramin sai a toshe nan take. In lokacin ya wuce, sai a jira mota ta huce a sake. Ya jingina wayarsa a taya tana nuna masa zafin.

Nas ta tsuguna a gefen mota, ba ta damu da man da ke ƙasa ba.

"Malam, kwana biyu ina haɗa kaya a gabanka. Ka gani?"

"Na ɗauka wanki ne."

"Na yarda da maganar nan ne don ba ta yi mini kama da ƙarya ba. Ka gane abin da nake faɗa? Da aka ce za ka canza ni, ban yi mamaki ba. Fito ka dube ni. Ko da baƙin hannun naka, fito ka ce mini in mayar da jakar nan ɗaki."

Na ajiye ƙwarya. Na miƙa sandata na zunguri tafin ƙafarsa. "Kai, fito."

"Ina zuwa, Gwaggo. Yanzu zai kai."

"Ba gobe na ce ba," in ji Nas. "Yanzu."

Famfo na ta ƙus, ƙus, ƙus. Ƙafarsa ɗaya ta ja baya kamar zai fito, na ga gwiwar ta lanƙwashe. Sai wayar ta yi ƙara, alamar zafin man ya kai. Gwiwar ta miƙe.

"Ya fara tsiyaya," ya ce. "Uwargida, ga maɓallin ɗaure noti can kan kwali, mai jan hannu, taimaka ki miƙo. In na saki yanzu aikin yini ya lalace."

Ta tashi a hankali. Ta je kan kwalin, ta ɗauko maɓallin mai jan hannu, ta sa masa a tafin hannu, har ta naɗe masa yatsu a kai. Sannan ta ɗauki jakarta.

"'Yar nan, tsaya mana," na ce. Na yunƙura zan tashi, ƙafata ta ture ƙwaryar, waken ya watse cikin mai. "Ai kin ji ba ke ba ce."

"Na ji, Gwaggo. Ba ni ba ce."

Daga ƙasa aka ji maɓalli ya yi ƙas, alamar noti ya ɗauru.

"Alhamdulillahi, ta zauna daram," in ji Kamus. "Uwargida, me kike cewa?"

Ta tsallake tsohuwar matatar, ta bi ta ƙaramar ƙofar ƙarfe, ta jawo ta da ƙarfin da ya sa sauran kusoshin kan kwali suka zube ƙarƙashin mota.