Hannun Maɗorin Illo

Da hantsi aka sauke Zayyanu daga bayan a-kori-kura a ƙofar gidan Haliru maɗori, ƙafarsa ta dama ta karkace daga ƙwauri kamar ba tasa ba. Buhun shinkafa ne ya zamo masa daga kan lodi, a wani ƙauye can ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin. Wansa Lauwali bai tsaya shawara da kowa ba ya nufo Illo da shi, domin duk yankin nan idan ƙashi ya karye, suna ɗaya ake kira.

Haliru yana zaune a zaure, hannuwansa bisa cinya. Ɗorin nan gado ne tun kaka da kakanni, kuma a gidansu ba a mai da mai karaya, ba a kuma barin bare ya ja ƙashi. Mai gadon kaɗai zai kama, ya ja, ya ji da tafinsa sa'ad da ƙashi ya koma mazauninsa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun bara ciwon suga ya soma cin mutumin nan a hankali. Da fari buta ce ta riƙa suɓuce masa wurin alwala, daga baya har goro sai matarsa Zuwaira ta ɓara masa. A asibitin Bagudo wata ma'aikaciya ta ba shi wani ƙarfe mai fuskar agogo ya matse. Ta dubi ƙarfen, ta dube shi, ta ce ciwon da ke cikin jiki ne ya bayyana a hannu. Ya dawo gida, ban da Zuwaira bai gaya wa kowa ba.

Haliru ya duba ƙafar Zayyanu da ido kawai.

"Lauwali, ku wuce da shi asibiti," in ji shi. "Hannuna ba shi da ƙarhin da kunka sani."

Lauwali ya zube a gabansa. "Haba Baba! Asibiti mi sunka sani in ba yanka ba? Kai kaɗ ɗora min hannun ga, ga shi ina noma da shi. Laihin mi munka yi maka?"

"Baba, ka ji ƙaina," in ji Zayyanu daga kan tabarma. "Ɗiyana ƙanana na. Da ƙahwag ga nika ciyar da su."

Zuwaira ta leƙo ta ƙofar cikin gida, ta ce, "Malam," ta dubi hannuwansa. Maƙwabta sun cika bakin zaure, kowa ya zuba masa ido. Haliru ya ji tausayi, ya kuma ji kunya, bai san wadda ta fi nauyi ba. Ya ce a kawo man shanu da karare.

Lauwali ya danne ƙanensa a kafaɗu. Haliru ya yi bisimilla, ya tofa addu'a, ya kama idon sawu da hannu biyu, ya ja. Yatsun suka zame. Ya goge tafinsa a riga, ya sake kamawa, ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Yana jin bakin ƙashin biyu sun hau juna, ya san daidai inda ya kamata kowanne ya koma, amma rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Zayyanu nishi kawai ya yi.

"Kun gani?" wani tsoho ya ce daga bakin ƙofa. "Ko ihu bai yi ba. Hannun ga sai ƙara sanyi shikai!"

Zauren ya ɗauki kabbara. Haliru ya jera karare, Zuwaira ta miƙo tsumma, ya naɗe, ya ja ƙullin da haƙori. Ya san abin da ke jiran ƙafar nan: ko ta haɗe a gajarce, a karkace, ko ta kumbura ta ruɓe.

"Ku saurara da kyau," ya ce, ya ɗaga murya. "Ƙashin ga bai zamna ba. Na ɗamre shi don kada hanya ta ƙara ɓata shi. Wallahi ku kai shi asibiti yau."

Lauwali ya yi murmushi, ido cike da ƙwallar godiya. "Manya dai ba su yabon aikinsu. Allah shi saka, Baba. In munka kai shi can, kwance aikinka za su yi."

Aka ce wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Nan da nan aka tallabi Zayyanu aka mai da shi mota, yana ta sa wa tsohon albarka. Direba ya juya kan motar ta fuskanci iyaka.

Haliru ya yunƙura ya fito ba takalmi, yana kiran sunan Lauwali, hayaniyar masu sam barka ta haɗiye muryarsa. Ya cim masa yana shirin hawa, ya miƙa hannu ya cafki hannun rigarsa, ya matse da duk abin da ya rage masa.

Lauwali ya haye mota, bai ma san an riƙe shi ba.