Fuskar da Kyamara Ta Zaɓa

Shekara ashirin da uku ina ɗaukar hoton mutanen garinmu Cañar, kuma ba wanda zai nuna maka fuskata a faifai ko guda. Biki, baftisma, jana'iza, duk ni ne. Rabin garinmu ya ƙaura New York, wanda kuwa ba shi da takardun zama ba ya dawowa ko da uwarsa ce ta mutu. Don haka ni ne idonsu. In kafa kyamara, in haɗa ta da waya, su kuma can su kalla kai tsaye suna kuka a ɗakunan haya.

Kyamarata ba abin wasa ba ce, kuma na tsani a kira ta da sunan hoton waya. Daga ƙofar coci za ta jawo maka hawayen amarya har ka ƙirga. Katin ajiyar hoto biyu take ci, in ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Makirfo biyu, ɗaya a wuyan limamin coci, ɗaya na jama'a. Tana ma gane fuskar mutum, ta zana masa ɗan akwati a allo, ta bi shi duk inda ya juya don hotonsa ya fito tar. Ni dai ban taɓa barin ta ta yi wannan aikin ba. Da hannuna nake saitawa.

A watan Maris matata Zoila ta rasu. 'Yarmu tilo, Nélida, shekararta goma sha ɗaya a unguwar Queens ta New York tana gyaran farce, ita ma ba takardu. Ta kira ni ta ce, "Baba, ina so in ga komai."

Ni kuwa na ɗauki maganar a matsayin aiki. Na cika batura, na goge gilashi, na sa abin sauraro a kunne. Wasu suka ɗauki akwatin gawar matata, ni ina gaba ina tafiya da baya. Awa huɗu, hannuna bai motsa ba ko sau ɗaya. In faɗi gaskiya, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, har na ji daɗin hakan a raina, abin da nake jin kunyarsa har yau.

Da yamma Nélida ta kira.

"Kin ga komai?" na tambaye ta.

"Na ga furanni. Na ga limami. Na ga har ƙusar akwati." Sai ta ƙara da cewa, "Awa huɗu ina neman ubana a cikin mutane, Baba. Kowa na da wanda ya riƙe, ni ina zaune ni kaɗai a kicin. Kai kana wajen aiki."

Daga ranar ba ta sake ɗaukar wayata ba. Nakan aika saƙo, alama ta nuna ta karanta, shi ke nan. Gidan ya yi mini girma. Ina dafa dankali na mutum biyu bisa sabo, in ci rabi, in bai wa kare rabi. Kaɗaici ya ci ni sosai, kuma na san in wannan shekarar ta wuce haka, yarinyar ta tafi ke nan.

Ranar tunawa da matattu, biyu ga Nuwamba, kowa ya kwashi abinci zuwa maƙabarta kamar kullum. Iyalai suka baje a gefen kaburbura da jan kunun masara da burodi mai siffar jarirai. Tun safe suka yi layi a gaban kyamarata suna aika gaisuwa. Wannan ta gaida ɗanta a unguwar Brooklyn, wancan ya ɗaga jika sama a gan shi. Mutum ɗari uku da wani abu ke kallo daga New York. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na Nélida babu.

Rosenda, wadda ta tsaya wa Nélida a matsayin uwa ranar baftismarta, ta miƙo mini kofin kunu.

"Sha, Nicanor, kafin ka faɗi a kan na'urar nan mu rasa mai ɗaukar jana'izarka."

"Ina aiki, Rosenda."

"Kai dai da ido ɗaya a rufe aka haife ka. Kowa ya gaida nasa, kai fa? Ko wancan mashayin ya gaida 'yarsa, ga shi ko tsayuwa ba ya iyawa."

"Ba ta kallo."

"To me za ta kalla? Ƙeyarka ma ba ta gani."

Na mayar da idona kan kyamara. Ba ta san tun jiya na aika wa Nélida wata hanyar kallo ta daban ba, wadda ita kaɗai za ta iya buɗewa. Na rubuta mata: ƙarfe uku, wurin kabarin mamarki.

Ƙarfe uku na yi, na sallami jama'a, na ɗauki kayana zuwa can ƙarshen maƙabarta. Na kafa sandar kyamara mai ƙafa uku a gaban kabarin Zoila, na juyo da allon ya kalli gaba. Tunda ba mai riƙe mini, dole na kunna abin nan mai gane fuska. Na danna, jar fitila ta kama. Na zagaya na zauna a bakin kabarin, kofin kunu biyu a gefena, waya a kan gwiwa.

Masu kallo: sifili.

Ban san inda ake ajiye hannuwa ba. Ni da nake ce wa mutane su saki jiki, ga ni kamar an dasa ni. Minti goma, minti ashirin. Iska ta taso daga dutse, kunu ya huce. Daga nesa ina jin dariyar wasu iyalai. Na fara tunanin batirin da ya rage.

Sai sifilin ya koma ɗaya.

 Na ɗaga kai na dubi allo don in ga yadda take ganina. Kyamarar ba ni ta zaɓa ba. Ɗan akwatin yana kan hoton Zoila da ke manne a jikin dutsen kabarin, wanda na ɗauka da kaina ranar bikin wata ƙanwarta. Fuskarta ta fito tar, har ramin kumatunta. Ni kuwa ina gefe dishi-dishi, hula da bargon da na yafa kawai, ba ido ba hanci. Ko ɗan koyo ba zai bar hoto haka ba.

Taku uku ne tsakanina da kyamarar, juyi ɗaya zai gyara. Na dafa ƙasa, na fara miƙewa.

Wayar ta yi motsi a gwiwata.

"Kada ka tashi, Baba."

Na tsaya rabi a tsaye, ina kallon rubutun. Wani ya biyo baya.

"Na gane ka a haka. Zauna kusa da ita."

Na koma na zauna. Na matsa har kafaɗata ta taɓa dutsen, na ɗauki kofina mai sanyi na sha. Hannuna yana ta rawa, kunun yana zuba a kan bargo, na bar shi ya zuba.