Ulu a Kan Bencin Coci

Shekara uku Traugott Menzel ya yi yana ƙera wa cocinmu ogan, babban abin kiɗa mai busa da iska, a rumfar bayan gidansa a kwarin Barossa. Bututu ɗari biyu da 'yan kai, wasu na katako wasu na darma. Daga kowane madanni akwai siririyar sanda da ke tafiya har gindin bututunta ta buɗe wa iska hanya. Ni Ehrenfried, mai keken shanu, aikina zuga masa iska.

Ranar da muka kafa shi a coci, ba kowa sai mu biyu, ya danna. Murya ta fito siririya, mai sanyi. Tsohon ya rufe ido.

"Ka ji? Haka na garinmu yake a Silesiya. Haka maigidana ya koya mini."

Na ce, "Na ji. Amma wa zai ji ran Lahadi?"

"Kai da ba ka san komai ba sai gindin shanu!"

"Gindin shanu ya ciyar da ni. Mutumina, ka taɓa sauraron mutanenmu suna waƙa? Kamar masu kiran shanu daga ƙetaren rafi. Ga rufi a ƙasa-ƙasa, ga kowa da jibgegen kwat."

Saura kwana goma a keɓe ogan ɗin ga Allah.

Washegari na ɗauko buhunan ulu arba'in da zan kai tasha, na jera su kan benci, gefen maza da gefen mata. Tsohon ya shigo ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Jama'arka ce. Sun ma fi na gaske ladabi, ba sa tari. Danna mu ji."

Na zuga, ya danna. Ulun ya shanye muryar tun kafin ta kai benci na biyar. Ya je ƙofa da kansa, na danna masa da yatsa ɗaya. Ya daɗe a can.

Maganin ya san shi: a faɗaɗa ramin ƙafar kowane bututu, a ƙara yanka bakinsa. Amma abin da wuƙa ta cire ba ya komawa, kuma muryar garinsu ce za ta tafi. Shekara arba'in rabonsa da jin ta, ga shi ya yi tsufan da ba zai ƙera wani ba.

Ya zauna kusa da wani buhu, ya ce, "Don kunnena na yi shi, ashe."

"To, laifi ne?"

"Ba ni kaɗai zan yi waƙa ba. Miƙo wuƙar."

Kwana takwas yana yanka, ina miƙa masa bututu. Da muka zo jeri na ƙarshe, ƙananan na katako, sai ya mayar da wuƙar aljihu.

"Waɗannan ba su yi wa kowa komai ba."

Ran Lahadi coci ya cika. Mutanenmu suka buɗe maƙogwaro yadda suka saba, ogan ya hau kansu ya ja su, har tsohuwa Liersch da kullum take baya da layin waƙa guda ta iso tare da kowa.

Da aka watse aka nufi cin abinci a gindin bishiya, na ɗauki hulata. Tsohon ya ce, "Ina za ka, sarkin ci? Koma ka zuga."

Ya rufe sauran jerin, ya buɗe na katakon nan kaɗai, mai muryar garinsu. Na zuga a hankali.